Sildenafil ko tadalafil: wanne ya dace da mai raunin mazakuta?

Duk inda zancen maganin raunin mazakuta ya taso tsakanin maza, tambayar farko ita ce, "Wanne ya fi ƙarfi?" Sai wani ya ce ai mai lamba 100 ne, tunda ga wani can 20 kacal aka rubuta a jikinsa. Daga wannan lissafin ake fara ɓata. Magungunan sha da likitoci ke rubutawa domin wannan lalura guda 4 ne: sildenafil, tadalafil, vardenafil da avanafil. 'Yan gida ɗaya ne, hanya ɗaya suke bi a jiki, kuma in an ba da kowanne a ma'aunin da ya dace, sakamakon kusan ɗaya ne: cikin maza 10 masu lalurar, wajen 7 kan ga canji. Lambar da ke jikin kwali nauyin sinadarin ce, ba ƙarfin aikinsa ba. Miligiram 10 na tadalafil yana tsaye ne kusan a gurbin miligiram 50 na sildenafil, 20 kuma a gurbin 100. Inda suka rabu shi ne lokacin da kowanne ke fara aiki, awa nawa yake yi a jiki, ko abincin dare na tare masa hanya, irin illar da yake bari, da kuma ciwo ko maganin da ba sa ga-maciji da shi.

Kafin a gwada su da juna, sai an san aikin da suke yi. Idan sha'awa ta motsa, jijiyoyin saƙo kan saki wani sinadari mai suna naitirik oksaid, shi ke sa jijiyoyin jinin da ke cikin gaba su saki jiki, jini ya kwararo ya cika wurin, cikar kuma ta danne hanyoyin da zai bi ya koma. Akwai wani sinadarin a jiki, PDE5, wanda aikinsa rusa wannan saƙo ne bayan an gama. Magungunan nan 4 shi suke tarewa na wasu awoyi, domin saƙon ya daɗe yana aiki. Mafici ne ga garwashi: in da wuta zai rura ta, in kuwa toka ce ko an kwana ana fifita babu abin da zai tashi. Shi ya sa mutum zai sha ƙwaya ya zauna yana duba agogo, babu wasa, babu kusantar iyali, ya ce maganin jabu ne. Ba sa kawo sha'awa, ba sa ƙara girman gaba, ba sa ƙara maniyyi ko sa haihuwa, ba sa kare mutum daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa. Kuma ba su ne maganin saurin kawowa ba, wadda lalura ce daban da mutane da yawa ke haɗa su a kwando ɗaya.

Sildenafil

Shi ne babban wa. Kamfanin Pfizer ne ya haɗa shi a ɗakin bincikensa da ke garin Sandwich a Ingila, da niyyar maganin ciwon ƙirji na masu ciwon zuciya. A wajen gwaji bai taka rawar kirki a zuciyar ba, amma mazan da aka gwada shi a kansu suka riƙa ba da labarin wani abu daban. A watan Maris na 1998 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Viagra. Tun da wa'adin mallakarsa ya ƙare, kamfanoni barkatai ke yin sa, galibi na Indiya, da sunaye iri-iri. Abin da za ka duba shi ne ƙaramin rubutun da ke ƙarƙashin babban suna. In ka ga sildenafil, shi ne, ko da wane launi aka yi ƙwayar.

Yana zuwa a miligiram 25, 50 da 100. Likita kan fara da 50, ya ƙara ko ya rage gwargwadon yadda jiki ya karɓa. Wanda ya haura shekara 65, ko mai ciwon hanta, ko wanda ƙodarsa ta yi rauni sosai, da 25 ake fara masa. Ana shan sa kamar awa 1 kafin kwanciya, ya fara aiki tsakanin minti 30 zuwa 60, kuma ƙofar tana buɗe wajen awa 4. Ba a sha fiye da sau 1 a awa 24, ba a kuma wuce 100. Ƙwayoyin da ake gani a kasuwa an rubuta musu 150 ko 200 sun wuce iyakar da aka amince da ita. Abin da suke ƙarawa ciwon kai ne da jiri.

Babban rauninsa a gidajenmu shi ne abinci. Abinci mai maiƙo yana jinkirta shi da kusan awa 1, ya kuma rage ƙololuwar da yake kaiwa a jini da kusan kashi 30 cikin 100. To, dubi yadda darenmu yake: an dawo daga sallar isha'i, an zauna gaban tuwo da miyar kuka an malala man shanu, ko maigida ya shigo da ƙunshin tsire ko balangu mai kitse. Ya gama, ya faki ido ya jefa ƙwaya a baki, bayan rabin awa ya nufi ɗaki. A lokacin ko rabin hanya maganin bai yi ba. Sai a yi ta fama ba labari, rai ya ɓaci, kowa ya juya baya, sannan can tsakar dare maganin ya iso babu mai jiran sa. Kashegari a ce 50 ba ta yi masa, a nemo 100. Alhali gyaran bai wuce ya sha kafin cin abincin ba, ko ya bari awa 2 ta wuce bayan ya ci. Haka abin yake da azumi bayan buɗe baki da ƙosai da soyayyen dankali.

Illolinsa da aka fi gani su ne ciwon kai, ɗumin fuska, toshewar hanci da ƙwarnafi. Yana da wata guda da ta zama kamar tambarinsa: wasu kan ga komai ya yi shuɗi-shuɗi, ko haske ya riƙa kashe musu ido na ɗan lokaci, saboda yana ɗan taɓa wani sinadari makamancin PDE5 da ke cikin ido. Duk waɗannan kan wuce cikin awoyi kaɗan. Direban da zai kama hanyar dare ya san da wannan.

Abin da ya sa har yau ba a ture shi ba: shi ya fi araha, shi ya fi samuwa, shi aka fi daɗewa ana amfani da shi har aka san halinsa ciki da bai, kuma in bai karɓe ka ba, kafin gari ya waye ya kusa barin jikinka.

Tadalafil

Wannan ya fito ne da sunan Cialis, daga kamfanonin Eli Lilly da ICOS, Amurka ta amince da shi a Nuwamban 2003. Abin da ya raba shi da sildenafil shi ne daɗewa. Jiki na ɗaukar wajen awa 4 kafin ya fitar da rabin sildenafil, amma shi tadalafil sai an yi awa 17 da rabi. Shi ya sa ƙwaya 1 ke iya aiki har awa 36. Wasu na jin haka su tsorata, suna zaton za a yini a kwana gaba na miƙe. Ba haka ba ne. A cikin awoyin nan duk lokacin da sha'awa ta zo jiki zai amsa, in an gama ya kwanta kamar yadda ya saba. Mutum zai yi sallarsa, ya je kasuwarsa, babu wanda ya san ya sha wani abu.

Abinci ba ya dame shi, a sha da tuwo ko a sha ciki wayam duk ɗaya ne. Sai dai ba shi da gaggawa. Wasu yana kama su cikin minti 30, amma yakan kai ƙololuwa ne wajen awa 2 bayan sha, don haka gara a sha da la'asar ko magariba a manta da shi. A ganina nan ne ainihin amfaninsa yake. Rabin matsalar maza da yawa fargaba ce, kuma babu abin da ke ciyar da fargaba kamar lissafin agogo: na sha ƙarfe 9, yanzu 10 ta wuce, ga yaro ya ƙi barci, ga baƙi sun ƙi tafiya. Mai tadalafil ba ya wannan lissafin. In yau ba ta yiwu ba, gobe da asuba yana nan. A binciken da aka bai wa maza duka biyun suka gwada, aikin ya zo kusan daidai, amma mafi yawansu tadalafil suka zaɓa su ci gaba da shi.

Hanya 2 ake shan sa. Ta farko, miligiram 10 ko 20 a lokacin buƙata. Ta biyu, miligiram 2.5 ko 5 kullum a lokaci guda, ko za a kwanta ko ba za a kwanta ba, kamar yadda ake shan maganin hawan jini. Bayan kwana 5 yakan daidaita a jini, daga nan babu sauran shiri. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, wanda ke buƙatar magani sau 2 ko fiye a mako ana iya mayar da shi kan na kullum. Mai mata 2 ko 3 da rabon kwana ke kansa kusan kowane dare, wannan maganar tasa ce. Shan 20 yau, 20 gobe, 20 jibi tara magani ne a jiki, tunda na jiya bai gama fita ba. Ƙaramin na kullum ya fi masa lafiya, ya kuma raba shi da zargin nan mai raba gida, na cewa a ɗakin wance yana da kuzari, a ɗakin wance kuma sai barci.

Yana da wata riba ga dattawa. Tun 2011 aka amince da miligiram 5 na kullum domin kumburin furostat, wato ƙullin nan da ke ƙasan mafitsarar namiji, wanda in ya girma yake sa fitsari ya riƙa fita da ƙyar, a tashi sau 3 sau 4 cikin dare. Dattijon da ke fama da biyun, ƙwaya 1 na iya ɗauke masa duka.

Illarsa ta daban ita ce ciwon baya da ciwon naman jiki, musamman ƙugu da cinyoyi. Yakan zo awa 12 zuwa 24 bayan sha, ya tafi cikin kwana 2, kuma farasitamol na rage shi. Matsalar ganin shuɗi ba ta cika zuwa da shi ba. Amma daɗewar nan da ake yabo ita ce kuma aibinsa. In ya sa maka ciwon kai ko ƙwarnafi, kai da su sai gobe. In kuma ciwon ƙirji ya kama mutum aka kai shi asibiti, ba za a iya ba shi maganin buɗe jijiyar zuciya na gaggawa ba sai awa 48 ta wuce, alhali mai sildenafil awa 24 ce. Mai ciwon ƙoda mai tsanani ba a ɗora shi kan na kullum. Kuɗinsa ma, in aka tara na wata guda, ya fi na mai shan sildenafil jefi-jefi.

Sauran biyun ba sai an daɗe a kansu ba, don ba kowane kantin magani ke ajiye su ba. Vardenafil, wanda kamfanin Bayer ya fitar da sunan Levitra a 2003, kusan tagwayen sildenafil ne a lokacin farawa da daɗewa, abinci mai maiƙo ma yana jinkirta shi. Ma'auninsa 5, 10 da 20. Masu shan maganin daidaita bugun zuciya irin su amiodarone da sotalol su nisance shi. Avanafil shi ne autansu, ya fito a 2012, ma'auninsa 50, 100 da 200, kuma shi ya fi sauri, yana iya kamawa cikin minti 15. Tsada da wahalar samu ne suka hana shi tasiri a wajenmu.

In da za a ce in yanke, ga yadda nake gani. Mutumin da buƙatarsa ba ta wuce sau 1 a mako ba, ko matafiyin da ke dawowa gida ƙarshen wata, ko wanda aljihunsa bai da nauyi, ya fara da sildenafil 50, ya kiyaye maganar abinci. Haka wanda yake tsoron illa kuma yake son abin da zai bar jikinsa da wuri. Wanda lissafin lokaci ke rikita shi, ko gidansa cike yake da yara da baƙi ba a san lokacin da za a samu sarari ba, tadalafil 10 ya fi masa. Mai buƙata a kai a kai, da dattijo mai matsalar fitsari, tadalafil 5 na kullum. Mai fama da ciwon baya dama, sildenafil ya fi sauƙi a gare shi. Kuma kada a haɗa biyu a rana ɗaya da sunan ƙarin ƙarfi.

Waɗanda ƙwayar za ta iya kashewa

Duk wancan zaɓin na wanda likita ya duba ne ya ce babu laifi. Akwai mutanen da babu ko ɗaya cikin huɗun da ya halatta gare su, kuma na farko shi ne mai shan maganin ciwon ƙirji na dangin naitiret: isosorbide dinitrate, isosorbide mononitrate, da nitroglycerin, wanda ake sawa ko a fesa a ƙarƙashin harshe. Su ma buɗe jijiyoyin jini suke yi ta hanyar naitirik oksaid. In suka haɗu da ɗaya daga cikin magungunan nan, jini na iya faɗuwa warwas, mutum ya sume, zuciya ko ƙwaƙwalwa ta rasa jini. Dattawa da yawa ba su san sunan abin da suke sha ba, sun dai san "ƙaramar farar nan ta safe". Shi ya sa ranar ganin likita ake tattara duk kwalayen magani a leda a tafi da su.

Haka wanda ya yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin watannin da suka wuce, da wanda jininsa ke ƙasa da 90 bisa 50, da mai hawan jinin da ya ƙi saituwa, da wanda ƙirjinsa ke ciwo in ya yi ɗan motsi. A nan ita kanta saduwar aiki ce ga zuciya. Ma'aunin da likitoci ke amfani da shi mai sauƙi ne: in mutum na iya tafiyar kilomita 1 da rabi cikin minti 20, ko ya hau bene mai hawa 2 da hanzari ba haki ba ciwon ƙirji, galibi zuciyarsa za ta ɗauka.

Sai masu sikila, kuma wannan tamu ce kai tsaye, tunda babu ƙasar da ake haihuwar masu ita kamar Najeriya. Mai SS ko SC dama yana cikin haɗarin miƙewar gaba mai ciwo da ke ƙin kwanciya. Bai kamata ya kusanci waɗannan ƙwayoyi ba sai da sanin likitan da ke duba jininsa. Ga kowa ma, in gaba ya miƙe ya kai awa 4 bai kwanta ba, asibiti za a nufa a daren, ba jiƙo ba, ba ruwan sanyi ba, ba jiran gari ya waye ba. Jinin da ya maƙale ba ya samun iska, in aka kwana aka yini a haka naman wurin na iya mutuwa, mutum ya rasa mazakutar gaba ɗaya. Kunya ta sa maza da yawa isa asibiti bayan kwana 2, lokacin da ba abin da za a iya ceto. Haka in ido ɗaya ya daina gani farat ɗaya, ko kunne ya toshe: a daina sha, a ga likita a ranar. Wanda kuma ƙirjinsa ya kama ciwo bayan ya sha, abu na farko da zai faɗa a ɗakin gaggawa shi ne sunan ƙwayar da ƙarfe nawa ya sha ta.

Wasu magungunan ba hanawa suke yi ba, canza ma'auni suke sawa. Masu shan tamsulosin ko doxazosin domin furostat ana fara musu da mafi ƙanƙanta, don jiri kan ɗebe su in sun miƙe tsaye. Mai shan maganin ƙanjamau da ke ɗauke da ritonavir ba ya wuce sildenafil 25 a cikin awa 48, domin ritonavir na hana hanta fitar da shi. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su ketoconazole da clarithromycin ma suna sa shi taruwa. Rifampicin na masu tarin fuka akasin haka yake yi, yana kore maganin daga jiki har a ga kamar ba a sha ba. Amlodipine da lisinopril da losartan, waɗanda masu hawan jini da yawa ke sha, galibi suna tafiya da su lafiya. Wannan ma ya isa dalilin da zai sa kada mace ta niƙa ƙwaya ta zuba wa maigida a shayi ko kunu ba da saninsa ba, komai kyan niyyarta.

Kemis, tasha da zumar ƙarfin maza

Zaɓin da mafi yawan maza ke yi a zahiri ba tsakanin sildenafil da tadalafil ba ne, tsakanin asibiti ne da lungu. Mutum ya tsaya gefen kanta yana danna waya har matan da suka zo sayen maganin zazzaɓin yara su watse, sannan ya sunkuya ya ce, "Ba ni irin na rannan." Yaron kemis ya jawo sacet daga ƙarƙashin kanta, ya sa almakashi ya yanko ƙwaya 1, ya naɗe a takarda. Sunan maganin ya tafi da ɗaya ɓarin, ranar lalacewarsa ma haka. Ba a auna jini ba, ba a tambayi me yake sha ba. A dokar Najeriya waɗannan magunguna sai da takardar likita, kuma lasisin ƙananan kemis bai kai su sayar da su ba. Ko a Birtaniya da aka sassauta a 2018 aka yarda a sayar da sildenafil 50 ba takarda, sai ƙwararren mai haɗa magani ya yi wa mutum tambayoyi kan zuciyarsa da magungunansa kafin ya miƙa masa.

A saya a babban kantin magani mai rajista, cikin kwalinsa, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In akwai wurin kankarewa a tura lamba ta waya, a yi. Zafi ma na lalata su, ana son a ajiye ƙasa da digiri 30, don haka ƙwayar da ta yini a faranti a rana a tasha, ko a aljihun mota a watan Afrilu, ba a san abin da ya rage a cikinta ba.

Na gargajiya kuwa sai an rarrabe. Aya da dabino da kwakwa da goron Tula abinci ne, ba su da laifi in mutum ba mai suga ba ne, amma ba za su buɗe jijiyar da suga ya lalata ba. Ɗan Kamaru, wanda ake haɗa burantashi da shi, ɓawon wata bishiya ce mai ɗauke da sinadarin yohimbine. Yana da ɗan tasiri, likitocin Turai ma sun yi amfani da shi kafin 1998, amma yana ɗaga jini, ya sa faɗuwar gaba da rawar jiki, kuma babu mai iya gaya maka nawa ke cikin cokali 1. Mafi haɗari su ne zuma da shayi da kofi da alewar "ƙarfin maza" da ake rantsuwa cewa tsantsar itace ne. Hukumomi a ƙasashe da dama sun sha kai irinsu ɗakin gwaji su tarar da sildenafil ko tadalafil a ciki. A 2022 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi kamfanoni 4 kan zuma irin wannan. Mai ciwon zuciya da ya guji ƙwaya ya koma zuma, ƙwayar ya sha, ba tare da sanin ma'auni ba. A Singafo a 2008 an kwantar da mutum 150 marasa ciwon suga da sugansu ya faɗi ƙasa bayan shan magungunan ƙarfin maza na jabu da aka cakuɗa da maganin suga, 4 daga ciki suka mutu. Lambar NAFDAC da ke ƙarewa da harafin L a jikin maganin gargajiya ba shaidar cewa yana warkarwa ba ce.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A gaban likita jimla ɗaya ta isa: "Likita, harkar iyali ce ba kamar da ba." Ya ji irinta ba adadi. Zai auna jini, ya sa a gwada suga da kitsen jini, wani lokaci da sinadarin maza na testosterone, wanda da safe ake ɗibar jininsa. Dalilin wannan bincike ya wuce shimfiɗa. Jijiyoyin jinin gaba sun fi na zuciya ƙanƙanta, su ke fara toshewa, shi ya sa raunin mazakuta kan riga ciwon zuciya bayyana da 'yan shekaru. Maza da yawa ta wannan ƙofar aka gano suna da suga. Mai lasifika a tasha zai ce basir ne ko sanyi ko dattin mara, amma abin da likitoci suka fi tararwa shi ne suga, hawan jini, taba, teɓa da damuwa. Wani lokaci ma maganin da mutum ke sha ne sila: na hawan jini irin su hydrochlorothiazide, atenolol, propranolol, methyldopa, da wasu magungunan damuwa. Ba a daina su da ka, likita ne zai canza. Tramadol da ake sha don jinkirta kawowa, da kodin, in an daɗe a kansu suna rage sinadarin maza su kashe sha'awar kanta.

Saurayi ko angon da ke tashi da asuba gabansa a miƙe, galibi jijiyoyinsa lafiya suke, fargaba ce. Abokan ango da ke cusa masa 100 a aljihu daren farko ba gata suka yi masa ba. Zai tashi da ciwon kai, kuma ya fara yarda cewa ba zai iya ba sai da ita.

In an gwada ba a dace ba, kada a yanke hukunci a karo na farko ko na biyu. Ana son a gwada sau 6 zuwa 8 yadda ya kamata, har a kai ma'auni mafi girma da likita ya yarda, kafin a ce wannan bai yi ba, sannan a koma ɗan'uwansa. Masu suga da waɗanda aka yi wa aikin furostat sun fi wuyar amsawa, kuma saita sugan na ƙara wa ƙwayar tasiri. Bayan ƙwaya akwai allurar alprostadil da mutum ke yi wa kansa a gefen gaba, wadda ke aiki cikin minti 5 zuwa 20 ko da jijiyoyin saƙo sun lalace, amma haɗarin ƙin kwanciya ya fi yawa a tare da ita, dole likita ne zai saita ma'aunin ya koyar da yadda ake yi. Akwai famfon da ke jawo jini a riƙe shi da zoben roba, wanda ba a barin sa ya wuce minti 30. Daga ƙarshe akwai tiyatar dasa roba a cikin gaba, wadda ba a komawa baya in an yi ta. Waɗannan duka aikin likitan mafitsara ne, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri suna da sashen.

Allurar testosterone kuwa, wadda wasu ke zuwa kemis a yi musu, ta wanda gwaji ya nuna nasa ya yi ƙasa ce kawai. Tana sa 'ya'yan maraina su rage yin maniyyi, wani har ya tsaya cak na watanni, don haka mai neman haihuwa ya gaya wa likita tun kafin a rubuta masa ita.